Zaren Mai

Shekara talatin da ɗaya ina gadin mashigar jirgi a Hosapete,
in sauke ƙarfe, in ɗaga ƙarfe,
jar tuta a dama, fitila a hagu.
Ranar da na aje aiki na ce wa Siddavva:
saura jirgi ɗaya ban tare ba,
wanda ke gudu a cikin kaina.
Ta ce, "Ka dai dawo kafin shinkafa ta huce."

Na haye Tungabhadra cikin jirgin kwando mai juyi,
na iske tsoho Channabasava a gindin dutse, can Anegundi,
gwiwa ɗaure da tsumma, haƙora uku a baki.
Ya ce in zauna. Na zauna.
Ya ce in ɗora hankalina bisa numfashi
kamar yadda ake ɗora tulu bisa gammo.

Wata bakwai ina kokawa.
Na cije har muƙamuƙina ya yi tsami.
Tunani ya taho, in sauke masa ƙarfe,
ya sunkuya ta ƙasa ya wuce yana yi mini gwalo:
kuɗin fansho, kumburin ƙafar Siddavva,
da wata saniya da jirgin Hubballi ya take a gabana
tun ina da baƙin gashi, idonta a buɗe.
In kamo hankali, ya suɓuce.
In sake kamowa.
Ɗiban ruwa da rariya.

Na ce, "Malam, ƙarfina ya ƙare."
Ya ce, "Madalla. Tashi ka sayo mini man riɗi."

Bayan kasuwa Hanumakka ke matsar mai,
sa guda yana zagaya turmi, muciyar na kuka.
Na miƙa kwalba mai ƙaramin baki.
Ta ɗaga tulu, ba mazurari, ko dubawa ba ta yi ba,
tana ta yi wa jikanta faɗa kan takalmin da ya yasar a kogi,
mai kuwa yana sauka,
zare ɗaya, siriri, launin zuma,
bai yanke ba, bai fantsama ba, bai yi ƙara ba,
har na kasa gane zuba yake ko tsaye yake.
Na ce, "Yaya kike yin haka?"
Ta ce, "Yin me?"

Tsoho ya shafa man a gwiwa kafin ya tanka.
"Ruwa in yana ɗiga, ɗis, ɗis,
tsakanin ɗigo da ɗigo akwai giɓi.
Wannan kamawa ce, dharana, aikinka na wata bakwai,
kuma ba asara ka yi ba.
Mai ba shi da giɓi. Shi muke ce wa dhyana.
Ba a yin sa.
Hannu ne ke koyon karkata, saura aikin mai ne."

Ban gane ba. Na ce na gane.

Sai wata asuba, bayan damina ta ja baya,
na zauna don kawai ƙafafuna sun saba.
Birai na karya reshe a sama.
Numfashi ya shiga, ya fita, ba wanda ya aike shi.
Can ƙetare wani jirgi ya yi kuka,
hannuna bai nemi tuta ba.
Saniyar ta zo, ta kwanta a gefena,
tana tuƙa, idonta a buɗe,
ni ma a buɗe,
babu mai gadi, babu ƙarfe,
sanin kawai, yana zuba a kan abin da ya sani.

Ban san tsawonsa ba.
Da na ce a raina, "Ga shi!"
zaren ya tsinke.

Na waiga in ba da labari, tsoho na minshari,
ƙuda na yawo a kan gwiwarsa mai maiƙo.
Mai jirgi ya ƙara kuɗin fito da rupi biyu.
A gida Siddavva ta turo mini kwano da ƙafa.
Shinkafar ta huce.
Na ci, loma bayan loma.